Tikitin Ɗan Koli a Bakin Iyakar Jibiya

Duk wanda ya san ƙasar Jibiya, tun daga Magama inda hanyar Katsina ke karkata ta nufi Ɗan Isa da Maraɗi, har ya zuwa Kusa da sauran gundumomin da ke jingine da iyakar Nijar, ya san cewa mafi yawan hajar da ke shiga gidajen talakawa a kan mutane take zuwa, ko a bayan babur, ko cikin baro da amalanke, ta hannun waɗansu bayin Allah waɗanda ba su mallaki rumfa a kowace kasuwa ba, alhali kuwa babu kasuwar da ke cika ta batse sai da su. A cikinsu akwai ɗan koli, da mai gwanjo, da mai magani da lasifikarsa, da ɗan ci rani wanda ya jingine fartanya bayan kaka ya ɗauki tire, da kuma falke na sosai, mai sayen hatsi ko dabba inda ake araha ya kai inda ake tsada. Yau suna Jibiya domin Lahadi ce, gobe Litinin waɗansunsu sun ƙetara Maraɗi, jibi kuwa sai inda Allah ya nufa. Mas'alar da ke gabanmu ita ce wace hukuma ce ke da ikon ba irin wannan mutum izinin kasa kayansa, kuma mene ne hakikanin abin da yake saye sa'ad da ya miƙa kuɗi aka yago masa 'yar takarda, domin al'amari ne da kowa ke gani kowace ranar kasuwa, amma kaɗan ne suka tsaya suka bincika asalinsa.

Ɗan koli yakan iso da sassafe, ya raɓa gefen wata rumfa, ya gai da mai ita, ya shimfiɗa buhu, ya shiga jera kayansa bisa tsarin da hannunsa ya saba: allura da zare a gaba, madubi da kwalli da 'yan kwalaben turare a tsakiya, reza da kwaɗo da batir da tocila a gefe, sa'an nan wayoyin caji, waɗanda zamani ya ƙara masa a kan abin da ya gada. Kafin ya gama jerawa sai ga saurayi da damin tikiti a hannu, biro a bayan kunne. "Baba, ina kwana. Kuɗin tikiti." Dattijo ya ɗaga kai ya ce, "Haba ɗana, ko kwabo ban yi ciniki ba tukuna, zaga ka dawo." Saurayi ya zaga, ya dawo da hantsi, aka sallame shi, ya yago takarda ya miƙa, dattijo ya ninke ta ya cusa cikin hula, domin ya san kafin la'asar wani yana iya zuwa ya ce a nuna masa, in babu kuwa a sake biya. Wannan takarda ba ta ɗauke da sunansa, ba ta faɗi irin hajarsa ba, kuma da rana ta faɗi amfaninta ya ƙare. Hayar ƙasa ce ta yini guda, ta gwargwadon faɗin buhunsa. Shi kansa mai buhun hukuma ba ta san da zamansa ba.

Ikon da ke bayan wannan takarda yana cikin Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a Jadawali na Huɗu, inda aka zayyana manyan ayyukan ƙananan hukumomi, waɗanda yawansu a ƙasar 774 ne, 34 daga ciki a Jihar Katsina. A can aka ɗora wa ƙaramar hukuma kafa kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da kula da su, aka ba ta ikon yanka lasisin keke da baro da amalanke da kwalekwale, aka kuma sa shaguna da rumfunan tireda da gidajen abinci da na burodi a ƙarƙashin kulawarta. Wanda ya karanta wannan jeri da natsuwa zai lura cewa abin da aka ambata a fagen ciniki, in ba wuri ba ne, to abin ɗaukar kaya ne. Amma mutumin da ke yawo da haja gari gari ba a kira sunansa ba, sai fa in majalisar jiha ko ta ƙaramar hukuma ta zauna ta yi masa ƙa'ida ta musamman. Saboda haka ne hukuma ke kama shi ta wajen ƙasar da ya zauna a kai da baron da ya turo, kuma da yake kowace ƙaramar hukuma da kasuwanninta, sai biyan ya maimaitu gwargwadon yawan garuruwan da ƙafarsa ta taka.

A 1998, zamanin Janar Abdussalami Abubakar, da kuka ya yi yawa a kan tarin haraji, gwamnatin soja ta kafa Doka ta 21, wadda ta kasa haraji da kuɗaɗen shiga gida uku, ta ce ga na tarayya, ga na jiha, ga na ƙaramar hukuma, kada wani ya sa hannu a rabon wani. Kuɗin kasuwa ya faɗo a rabon ƙaramar hukuma, in ban da kasuwar da gwamnatin jiha ta zuba kuɗinta a ciki. Rajistar wurin sana'a kuwa ta zama ta jiha. Mafi girman fa'idar wannan doka ga matafiyi shi ne ta haramta wa kowa, har da ita kanta hukumar haraji, tare hanya domin karɓar kuɗi, ta kuma yanka wa mai yi tarar Naira 50,000, ko ɗaurin shekara uku, ko a haɗa masa duka. Amma wanda ya taɓa bin motar kaya a manyan hanyoyin ƙasar nan ya ga igiya a miƙe, ya ga katako mai ƙusoshi, ya kuma ga direba yana zaro takardu kala kala daga bayan madubi. Shi ya san tsakanin abin da ke rubuce da abin da ke gudana akwai tafiya mai nisa.

Ba dukan mai karɓa ne jami'in hukuma ba, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Akwai kuɗin ƙungiyar 'yan kasuwa, akwai na mai gadi da na mai shara, akwai na ɗan kamasho a tasha, akwai la'adar dillali a kara. Waɗansu daga cikinsu ladan aiki ne na gaskiya wanda aka yi yarjejeniya a kansa, waɗansu kuwa al'ada ce da ta daɗe har ta yi kama da doka. A sama da waɗannan duka akwai hukumomin tarayya, waɗanda ba ruwansu da tikitin kasuwa: kwastan suna duba kayan da suka ƙetaro iyaka, jami'an shige da fice suna duba mutum da takardunsa, hukumar NAFDAC kuma tana da iko a kan magunguna da abincin gwangwani. Dokar ƙasa ta hana tallar maganin bature a kasuwa da tasha da bakin hanya da cikin mota, don haka mai tiren ƙwayoyi, ko da ya yanki tikiti goma, bai sami halascin sana'arsa ba, domin ƙaramar hukuma ba za ta halatta abin da tarayya ta haramta ba. Shi kuwa yana ganin tun da an karɓi kuɗinsa an yarda da shi ke nan, kuma ba za a ce ba shi da uzuri ba.

In muka waiwayi yadda kakanninmu suka tsara wannan mu'amala, za mu tarar ba su bar baƙon ɗan kasuwa sakaka ba, ba su kuma bar shi ba mataimaki ba. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Katsina a watan Janairu na 1851 tare da ayarin gishiri na Buzaye, bayan ya ratso Tasawa da Gazawa, waɗanda yau suke cikin Nijar, kuma Sarkin Katsina Muhammadu Bello bai sallame shi ya wuce Kano ba sai da ya riƙe shi kwanaki, ya ƙara kyauta a kan wadda ya fara gabatarwa. Abin ya ɓata wa Barth rai, amma ya nuna ƙa'idar zamanin, wato baƙo mai kaya ba ya ratsa ƙasar sarki sai da sanin sarki. Fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda ke share watanni a hanya kafin su kai Salaga a ƙasar Gwanja, sun san haka sarai, shi ya sa ba su tashi sai da madugu, da jagaba a gaba, da uban dawaki. Madugu ne ke shiga fadar kowane sarki da ke bisa hanya, ya yi cinikin fito da garama a madadin ayari gaba ɗaya, sa'an nan a raba nauyin a kan fatake gwargwadon kayan kowa. Abin da ake saye da wannan kuɗi kuwa shi ne aminci, wato zango da ruwa da alkawarin cewa ba za a far musu ba muddin suna cikin ƙasar. Ba na cewa babu zalunci a ciki, domin sarakuna da yawa sun tsawwala, waɗansu ma sun karɓa sun kuma saki 'yan fashinsu. Sai dai ko azzalumin cikinsu ya san cewa karɓar fito alkawari ne, kuma wanda ya saɓa, ayarin baɗi zai sake hanya ya bar shi da kasuwa fayau.

In falke ya sauka a gari kuwa, akwai fatoma, wato mai gidan da ke saukar da shi, ya ajiye masa kaya, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, kuma, abin da ya fi kome muhimmanci, ya tsaya masa. In an sayi kayan baƙo bashi, fatoma ne ke lamunce mai saye. In baƙo ya sayar da algus ya gudu, ƙofar fatoma za a buga. Da wannan hikima mutumin da ba a san asalinsa ba ke samun amana a garin da ba shi da kowa, mutanen gari kuma su sami wanda za su riƙe in an cuce su. Masu bincike na Turai sun yi mamakin ƙarfin wannan tsari: Abner Cohen ya gan shi yana aiki a unguwar Sabo ta Ibadan cikin cinikin shanu da goro, ya rubuta littafi a kansa a 1969, Polly Hill kuma, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da birnin Katsina, ta bayyana fatauci da koli da ci rani a littafinta na 1972. Har gobe a karar dabbobi da kasuwar hatsi tsarin bai mutu ba, kuma a ganina shi ne lasisi na hakika da ƙasar Hausa ta ƙaga wa kanta, domin ya haɗa sharuɗɗa biyu waɗanda izini ba ya cika sai da su, wato a san mutum, a kuma sami mai amsawa dominsa.

Shari'a ma ba ta bar babin nan a buɗe ba. Fukaha'u sun kawo hanin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ga tarye ayari a bayan gari a saye kayansa tun bai shiga kasuwa ya san farashi ba, wanda hani ne da ke kare baƙo daga wayon ɗan gari, ya kuma kare talakan gari daga tsada. Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar yana karɓar ushiri daga fataken Nabaɗawa masu kawo haja Madina, amma a kan alkama da mai sai ya rage ya koma rabin ushiri, domin yana son su yawaita kawowa. Ga shugaban da ya gane cewa sassauta wa falke arzikin birni ne. A ƙasarmu kuwa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa abubuwan da ya zargi sarakunan Haɓe da su, ya sa jangali da kuɗin gari a ciki, ya kuma ambaci abin da masu iko da kasuwa ke ɗiba daga naman mahauta da audugar masu sayarwa ba da haƙƙi ba. Abin da malamai suka tsaya a kai shi ne a naɗa muhtasibi mai duba mudu da ma'auni, mai hana algus da ha'inci, kuma duk abin da hukuma za ta karɓa ya zama sananne, saboda maslahar jama'a. Karɓar da ba ta da iyaka sananniya, ba ta kuma da wani aiki a bayanta, ita suka kira makasu, suka yi mata mummunan hukunci.

Da Turawa suka ci ƙasar, Gwamna Lugga ya gaji fito ya mai da shi na gwamnati: ya ɗora wa ayari kashi 5 cikin 100 na ƙimar kaya a kowane lardi da ya ratsa, har iyakar kashi 15. Fatake suka riƙa kauce wa wuraren karɓa, kamfanonin Ingila ma suka yi ta ƙorafi cewa harajin yana tauye ciniki, har aka soke shi a 1907. Daga nan sha'anin kasuwa ya koma hannun En'e, da baitulmalinta, wanda na Katsina, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko da ya hau a 1906, yana cikin na farko da aka kafa a Arewa. Gyaran 1976 ya karɓe ikon daga En'e ya ba ƙananan hukumomi, a 1979 kuma gwamnatin Alhaji Balarabe Musa a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har 1987, ta soke haraji da jangali. Talakawa sun yi murna, kuma da dalilinsu. Amma tun da aka rufe waccan ƙofa, kasuwa da tasha suka zama cikin 'yan wuraren da suka rage inda ƙaramar hukumar karkara ke ganin kuɗi a hannu.

Mutumin Kusa ko na Magama yana da wani nauyi da ɗan kolin Funtuwa bai sani ba, domin rabin kasuwanninsa suna wata ƙasa. Iyakar da ta raba su, jami'an Faransa da na Ingila, Tilho da O'Shee, su suka bi ta suna kafa alamu tsakanin 1906 da 1908, suka ratsa tsakiyar jama'a ɗaya, domin Maraɗi zuriyar sarakunan Katsina ne suka kafa mulkinta bayan da jihadi ya fitar da su daga birni a 1807, har yau kuma Sarkin Katsina ake kiran mai sarautarta. Ɗan kasuwa in ya wuce Ɗan Isa sai ya sake kuɗi daga naira zuwa sefa, ya sake hukuma daga kwastan zuwa duwan da jandarma, ya tarar da kuɗin kasuwa na ofishin magajin gari, da fatanti, wato harajin sana'a na shekara wanda Nijar ta gada daga Faransa. Tikitin da ke cikin hularsa ba shi da daraja a can ko ta anini. Manyan Alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta tarihinsu a 1986, da gyaɗa suka fara, sa'an nan suka bunƙasa da turo taba da atamfa zuwa Nijeriya. Irinsu suna da akawu da wakili a kowace ƙofa, ba su san zafin wannan ba. Mai buhu ɗaya shi ke tsayawa a kowace igiya.

Shekarun nan kuma sun nuna masa cewa izininsa duka a hannun waɗanda ba su taɓa ganinsa ba yake. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, a Nuwamba ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, kuma ko da aka buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020, Jibiya sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta. Ana cikin wannan, a ƙarshen Agustan 2021, Gwamnan Katsina Aminu Bello Masari, saboda ta'addancin 'yan bindiga, ya rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Baure, ya kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da ta Jibiya. Ba a daɗe da samun sauƙi ba sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ta Nijar ran 26 ga Yulin 2023, aka sake garƙame iyaka har Maris na 2024. Kowace rufewa tana da hujjar da aka kafa mata, waɗansu ma hujjoji ne masu ƙarfi; sai dai ciniki bai tsaya ba, ya dai bar kwalta ya shiga daji a bayan baburan 'yan fito, inda ake biya ninkin ba ninkin, ba kuma rasit.

Waɗansu ƙasashe sun bi wata hanya dabam, wadda ya kamata mai karatu ya sani. A Amurka, jihohi da yawa sun damƙa al'amarin ɗan kasuwa mai wucewa a hannun hukumar gunduma. A Jihar Minnesota, alal misali, wanda zai kafa ciniki na ɗan lokaci sai ya je ofishin gunduma ya rubuta sunansa da mazauninsa da irin hajarsa, ya biya Dala 150, ya kuma kawo takardar lamuni ta Dala 1,000 zuwa 3,000, domin in ya sayar da jabu ya tattara ya tafi, wanda aka cuta ya sami inda zai kama. Wannan lamuni aikin fatoma ne aka mai da shi takarda. Kundin tsarin mulkin jihar kuma ya keɓe manomi, ya ce wanda ke sayar da amfanin gonar da ya noma da kansa ba ya bukatar lasisi. Dalilin irin waɗannan dokoki ba kare mai saye kaɗai ba ne. Masu kantunan gari, waɗanda ke biyan haraji duk shekara, su ne kan matsa a yi su, domin ba su son baƙo ya zo ya kwashe cinikin lokacin biki ya wuce, kuma wannan kishi mun san shi a kasuwanninmu tsakanin mai rumfa da mai kasawa a bakin rumfarsa. Wani gari mai suna Green River a Jihar Wyoming har ya hana mai talla buga ƙofar gida ba da gayyata ba a 1931, Kotun Ƙolin Amurka kuma ta tabbatar da irin wannan doka a 1951. Da za a kawo ta nan, da an rasa inda za a fara, domin wani babban kaso na cinikin ƙasar Hausa a cikin gidaje yake, a hannun matan kulle da dillaliya da yara masu talla, inda ba mai tikitin da ya taɓa wuce zaure.

Ingila ta fi sauƙaƙawa. A ƙarƙashin dokar 1871 mai yawo da haja a ƙafa takarda ɗaya yake karɓa daga 'yan sanda, bayan an tabbatar ya kai shekara 17 kuma mutumin kirki ne, ya biya Fam 12.25, ta yi masa shekara guda, kuma tana aiki a duk faɗin ƙasar. Indiya kuwa a 2014 ta yi dokar da ta wajabta a ƙirga masu talla a kowane gari, a ba su shaida, a kafa kwamitin da kashi 40 cikin 100 na wakilansa su ne da kansu, kada kuma a tashi kowa kafin a gama ƙirga. Legas ta ɗauki kishiyar wannan: dokarta ta 2003, wadda aka tsananta aiki da ita a 2016, ta tanadi tarar Naira 90,000 ko ɗaurin wata shida ga mai talla a kan titi da mai saye a hannunsa, amma wanda ya shiga cunkoson Legas ya san har yanzu babu abin da ba a miƙo masa ta taga.

Ra'ayina a nan shi ne ƙaramar hukumar da ke bakin iyaka ta fi kowa bukatar ta san 'yan kasuwarta masu yawo da sunayensu, ko don sha'anin tsaro kaɗai, tun da yanzu kowane baƙo mai buhu abin tuhuma ne, kuma mutumin kirki ba shi da abin da zai nuna ya wanke kansa. Kati ɗaya na shekara, mai suna da hoto da sunan wanda ya tsaya masa, ko sarkin kasuwa ne ko mai unguwa ko shugaban ƙungiyarsa, wanda Jibiya da Kaita da Batagarawa da Batsari za su yarda da shi a tsakaninsu. Farashin tikitin yini a rubuce da Hausa, da boko da ajami, a jikin allo a ƙofar kasuwa. Tsohuwa mai ƙwaryar kuka ko daddawa, da manomi mai tiya biyar na geron gonarsa, a ƙyale su. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin majalisar ƙaramar hukuma in jiha ta sa albarka, balle yanzu da Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukunci, ran 11 ga Yulin 2024, cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, abin da, in ya tabbata a aikace, zai rage musu dogaro da kwabon mai tire. Na san abin da za a ce, wato kati ma yana iya zama sabuwar igiya, a riƙa kama wanda ba shi da shi ana tatsa. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma maganinsa kada a wajabta katin. A bar shi ga mai so, a sa rangwame a cikinsa yadda mutum zai neme shi da ƙafarsa.

Abin da ya shafi ƙetaren iyaka kuwa ya fi ƙarfin Jibiya, ya fi ƙarfin Katsina. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ita ce ta ba ɗan Nijeriya da ɗan Nijar damar shiga ƙasar juna ba biza har kwana 90, ga shi kuwa Nijar, tare da Mali da Burkina Faso, ta fita daga ƙungiyar ran 29 ga Janairun 2025, abin da ya rage sai sanarwar da ƙungiyar ta yi cewa a ci gaba da mutunta takardun tafiya da zirga-zirgar kaya kafin a ga abin da shawara za ta haifar. Ƙasashen biyu suna da Hukumar Haɗin Gwiwa tasu ta kansu tun 1971, mai mazauni a Yamai, kuma a teburinta ya dace a kai maganar ƙaramin falke, tun kafin a gama shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta a Fabrairun 2021, mai tsawon kilomita 284, wadda za ta bi ta Daura da Katsina da Jibiya, ta riƙa sauke masu buhu da masu tire a hukumomi dabam dabam cikin yini guda.